Taɓin Hankali a Cikin Gida: Tambayoyin da Iyalai Kan Yi a Ɓoye

Daga Kurmin Mashi zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba. Mutum zai ratsa tsakiyar garin Kaduna, ya haye gadar kogi, ya ɗan nausa kudu, shi ke nan ya iso. Amma ƙorafin da ma'aikatan irin waɗannan asibitoci suka fi yi shi ne, mara lafiya ba ya isowa hannunsu sai bayan watanni, wani lokaci ma shekaru, da fara ciwon. Kafin nan an zaga da shi wurin mai magani, an kai shi gidan addu'a, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayi ƙwayoyi a kemis, ƙila har an sayar da keken ɗinkin uwargida don biyan waɗannan hidimomi. Mafi yawan ɓarnar da wannan ciwo kan yi wa gida, a cikin wannan jinkiri take aukuwa.

Mazauna Kaduna sun ga inda jinkirin kan kai mutane. A ranar 26 ga Satumba, 2019, 'yan sanda suka kai samame wani gida a Rigasa, suka fito da mutanen da suka ce sun haura 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Daga bisani aka tsugunar da su a sansanin alhazai na Mando, wanda ba shi da nisa da Kurmin Mashi, don iyaye su zo su ɗauki nasu. A watan Oktoba aka sake rufe wani gidan a Rigasa mai mutum 147, aka kuma gano irinsu a Daura da Katsina da Zariya. Abin lura shi ne, yawancin waɗannan bayin Allah ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, wasu saboda shaye-shaye, wasu saboda gagara, wasu kuwa saboda ciwon ƙwaƙwalwa da ba a gane ba. A watan Nuwamba na shekarar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wurare 28 da ta ziyarta a jihohi 8 da Abuja, inda ta nuna cewa ɗaure masu taɓin hankali bai tsaya ga gidajen mari ba, ana yin sa a wuraren masu maganin gargajiya, da majami'u, har da wasu cibiyoyin gwamnati.

Zagin waɗannan iyaye abu ne mai sauƙi. Sai dai uban da ya kai ɗansa gidan mari, galibi mutum ne da ya rasa amsar wasu tambayoyi, kuma kunya ta hana shi yin su a fili.

Iska ce, sammu ne, ko ciwo?

A shekarar 2004 wasu likitoci daga Kano suka wallafa binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da ke jawo hauka. Kimanin kashi 34 cikin 100 suka ce shaye-shaye, kashi 19 suka ce ƙaddara ce ko fushin Ubangiji, kashi 18 kuwa suka danganta shi da sammu ko iskoki. Da aka zo batun magani, kusan rabinsu suka zaɓi asibiti, wajen kashi ɗaya cikin uku suka zaɓi addu'a. Ke nan ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe bai yarda da asibiti ba. Matsalar ita ce, ba ya kiran abu ciwon ƙwaƙwalwa sai ya ga mutum ya tuɓe tufafi ya shiga kasuwa.

A wurin likitoci kuwa, wannan mataki ƙarshen hanya ne na wani ɗan ɓangare kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu masu ciwon damuwa ne da ciwon fargaba, waɗanda ke zuwa aiki da kasuwa ba wanda ya sani. Mai ciwon damuwa yakan yi makonni ransa a ɓace ba dalili, barci ya ƙaurace masa tun kafin asuba, abinci ya fita ransa, abin da a da yake sa shi nishaɗi ya zama masa nauyi. A ƙasar Hausa irin wannan mutum ba kasafai yake cewa yana baƙin ciki ba. Cewa zai yi kansa na zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu na yawo a jikinsa. Sai a yi ta ba shi maganin taifot da na zazzaɓin cizon sauro, zagaye bayan zagaye, ciwo na nan inda yake.

Akwai kuma wanda likitoci ke kira sikizofireniya, wanda ya fi kama samari daga ƙarshen shekarun balaga zuwa shekara ashirin da wani abu. Mai shi yakan ji muryoyi suna magana da shi alhali ba kowa, ko ya tabbata a ransa cewa maƙwabta na shirya masa makirci, ko an sa masa guba a tuwo. Wani nau'in kuma hawa da sauka yake yi: makonni mutum ba barci, ga surutu, ga kyauta ba lissafi, ga manyan tsare-tsare, daga baya ya faɗa cikin damuwa mai zurfi. Farfaɗiya, wadda jama'a kan haɗa da waɗannan, ciwo ne dabam na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Haka kuma zazzaɓi mai zafi, da sanƙarau, da buguwar kai a haɗarin babur, duk suna iya sa mutum sambatu na kwanaki. Wannan kaɗai ya isa dalilin fara zuwa asibiti, domin wanda zazzaɓi ya hau wa kai, idan aka tsaya yi masa hayaƙi, ana iya rasa shi cikin kwana biyu.

Ba wanda ya ce iyali su bar addu'a. Malaman Musulunci na da ma ba su ga karo tsakaninta da magani ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya kuma bayyana cewa na biyun daga jiki yake, yana bukatar magani. Asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Shari'a kuma ta ɗauke hukunci daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda aka ɗauke wa alƙalami, da wace hujja za a ɗora masa bulala?

Gado ne?

Wannan ita ce tambayar da ke rushe baiko. Da zarar dangin saurayi sun ji cewa kawun yarinya ya taɓa kwanciya a Barnawa, sai magana ta fara sanyi, ƙannenta ma su shiga cikin lissafi.

Gado yana da hannu, amma ba yadda ake zato ba. A cikin jama'a baki ɗaya, kimanin mutum 1 cikin 100 ne kan kamu da sikizofireniya. Idan uwa ko uba na da ita, adadin yakan tashi zuwa kimanin 10 cikin 100, wato yara 9 cikin 10 na irin wannan gida ba za su taɓa kamuwa ba. Idan kawu ne ko gwaggo, haɗarin ya yi ƙasa da haka sosai. Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu iri guda ne, idan ɗaya ya kamu, ɗayan yakan tsira a wajen rabin lokuta. Abin da ake gada shi ne rauni, kamar yadda ake gadon saurin kamuwa da hawan jini ko ciwon sukari. Sauran kuwa rayuwa ce ke ƙarasawa: wahalar haihuwa, duka da wulaƙanci a ƙuruciya, tashin hankali, talauci mai tsanani, da kayan maye. Inda ciwon ya bayyana a ɓangarori biyu na dangi kuma ana shirin auren zumunci, neman shawarar likita ya fi jita-jitar zaure amfani.

Batun kayan maye yana bukatar a tsaya a kansa, domin mutanen Karfi ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayu na 2018 ne kuma gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tabar wiwi, musamman mai ƙarfi kuma a ƙananan shekaru, tana ƙara haɗarin gushewar hankali, tiramadol kuwa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Amma sau da yawa lamarin a juye yake. Yaro ya fara jin muryoyi, ko barci ya gagare shi, sai ya nemi sauƙi a bayan kanti. Iyaye su ga shaye-shayen, ba su ga abin da ya kai shi ba.

Ana warkewa kuwa?

Kafin shekarar 1952 likitocin Turai ma ba su da ƙwayar magani mai inganci ga gushewar hankali. A shekarar ce wasu likitoci biyu a Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada maganin da aka sani da suna Largactil a kan masu gushewar hankali, suka ga muryoyin na lafawa. Shekara uku kafin nan John Cade a Ostareliya ya gano amfanin gishirin litiyam ga masu ciwon hawa da sauka. Daga nan magunguna suka yawaita. Mafi yawan masu ciwon damuwa suna murmurewa da magani, ko da zaman tattaunawa da ƙwararre, ko duka biyun. Cikin masu sikizofireniya akwai waɗanda sau ɗaya ciwon ke zuwa musu, akwai masu yawa da ke aiki da aure muddin suna shan magani, akwai kuma waɗanda ciwon ke daɗewa tare da su. Abin da bincike ya tabbatar a ƙasashe da dama shi ne, gwargwadon daɗewar mutum ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa yadda yake.

Ƙorafin da iyalai ke yi a kan maganin asibiti ba ƙarya ba ne. Tsofaffin magungunan, waɗanda su ne masu araha, suna iya sa jiki ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, mutum ya yi ta barci. Sababbin kuma suna sa ƙiba. Sai dangi su ce ai maganin ya mai da shi dolo, su ɓoye kwalbar. Abin da ya kamata shi ne a koma wurin likita ya rage yawansa, ko ya sauya wani, ko ya mayar da shi allurar wata-wata ga wanda ke mantuwa. Akwai ƙwayar da ake bayarwa don sassauta sandarewar, ita ce samari suka sani da suna Exol suke sha don maye, saboda haka ajiyarta a hannun babba ya kamata ta kasance. Haɗarin yanke magani kuwa an auna shi. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na masu ci gaba da shan magani, ya kuma dawo wa kashi 64 na waɗanda aka yanke wa.

Gida ma magani ne, ko kuma guba. Tun a shekarun 1960 George Brown da abokan aikinsa a Landan suka lura cewa marasa lafiyar da suka koma gidajen da ake yawan kushe su da gori, ko ake tsare su kamar jarirai, sun fi saurin komawa asibiti. Dokta Thomas Adeoye Lambo ya riga ya fahimci muhimmancin dangi tun 1954, lokacin da ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle mara lafiya, sai a kama masa ɗaki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, shi da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani da rana yana kwana cikin mutane. Lambo ya jawo masu maganin gargajiya ma cikin aikin. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Gwamnati ba ta bi sawun Lambo da sauri ba. Dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta na zamanin Turawa ne, ita aka yi ta aiki da ita har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai kare haƙƙin marasa lafiya. Likitocin wannan fanni a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne kacal ga jama'ar da ta haura miliyan 200. Duk da haka arewa ba ta rasa wuraren zuwa ba: ban da Barnawa akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da asibitin tarayya na Maiduguri.

Mai jego da yaran gida

Idan magidanci ya kwanta, abinci ne ke raguwa. Idan uwa ce, komai na gidan ne ke tsayawa, kuma ita ce aka fi saurin sallama. Sau da yawa akan mayar da ita gidan iyayenta da sunan jinya, jinyar ta zama saki, yara kuma a rarraba su tsakanin kishiya da gwaggo da kaka.

Lokacin jego ya fi kowane lokaci haɗari ga mace. Ƙunci da saurin kuka na 'yan kwanaki bayan haihuwa abu ne da mata da yawa kan yi, yakan wuce kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka ciwon damuwa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa yana kama kusan mace ɗaya cikin biyar bayan haihuwa. Akwai na uku, mai wuyar samu amma mai tsanani, da ke kama mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko, wato daidai lokacin hidimar suna. Mai jego ta daina barci, ta rikice, ta ce jaririn ba nata ba ne, ko ta ce ana kiranta. Nan take mata kan ce ta gamu da iska a bayan gida ko wurin wankan jego. Wannan lamari ne na gaggawa kamar zubar jini: a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kuma kada a raba su gaba ɗaya. Yana cikin ciwukan da suka fi jin magani.

Damuwar uwa tana bayyana har a ma'aunin jariri. Binciken Atif Rahman a karkarar Rawalpindi ta Pakistan, wanda aka buga a 2004, ya gano cewa jariran matan da ke da ciwon damuwa sun fi rama da yawan gudawa, an kuma sami irin wannan rama a wani bincike a kudu maso yammacin Nijeriya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uwar da ta kasa tashi daga shimfiɗa ba za ta iya shayarwa a kan kari ba, balle bin layin rigakafi. A 2008 Rahman ya nuna cewa ma'aikatan lafiya mata na unguwa, da ɗan horo kaɗan, suna iya rage wannan ciwo matuƙa ta hanyar ziyara da tattaunawa. Asibitocin shan magani na unguwanni irin su Kurmin Mashi da Badiko, inda mata ke zuwa awo da rigakafi, nan ne wurin da ya fi dacewa a riƙa tambayar mai jego yadda barcinta da ranta suke.

Yaran da suka yi wayo kuwa, abin da ya fi cutar da su shi ne shirun manya. Yaro ɗan shekara bakwai yana ganin mahaifinsa na magana shi kaɗai, yana jin ƙus-ƙus a tsakar gida, a makarantar allo ana ce masa ɗan mahaukaci, amma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. A irin wannan shekaru yaro yakan ɗauka duk abin da ya faru shi ne sanadi: ƙila don ya ƙi aike ne, ƙila don ya fasa kwano. Babbar 'ya kuma takan wayi gari ita ce uwar gida, ga girki, ga goyo, ga talla, makaranta ta zama sai an ga dama. Masana sun yi ittifaƙi a kan abubuwa uku da yaro ke bukatar ji daga bakin babban da ya yarda da shi, cikin kalmomin da zai gane: cewa Baba ko Inna ba su da lafiya ne kuma ana yi musu magani, cewa ba laifinsa ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya warkar da su. Yana da kyau a gaya masa gidan da zai nufa idan ciwon ya tashi da dare, a kuma sanar da malaminsa ɗaya halin da ake ciki.

Su kansu yara suna kamuwa. Kimanin rabin ciwukan ƙwaƙwalwa na manya suna farawa kafin shekara 14, sai dai a jikin yaro kamanninsu dabam ne. Garin Kaduna ya ga rikicin 2000 da na 2002, ya ga sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris na 2021, da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022. Yaron da ya ga tashin hankali, ko ya kwana yana jin harbi, yana iya komawa fitsarin kwance bayan ya daina, ya riƙa firgita cikin barci, ya manne wa uwarsa, ko ya zama mafaɗaci. Ɗalibar da ke kan gaba a aji ta koma baya ba dalili, ta daina shiga ƙawaye. Dukan irin waɗannan yara ƙara musu ciwo yake yi. Idan alamun sun wuce wata guda, ko matashi ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ɗauki maganar da gaske. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, hasali ma takan buɗe masa ƙofar magana. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti.

A tsibirin Kauai na Amurka, Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a gidajen talauci da rigima da ciwon ƙwaƙwalwar iyaye, kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, masu riƙe aiki da iyali. Da ta duba abin da ya bambanta su da sauran, sai ta tarar kusan kowannensu ya sami aƙalla babba guda da ya tsaya masa tun yana ƙarami, wani kakarsa, wani yayarsa, wani maƙwabciya, wani kuma malamin makaranta.